Tsagar Soron Tarauni Ta Kai Ni Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ba a bar ni na sha shayi da daɗi ba a majalisarmu ta Gyadi-Gyadi. Wannan ya ce Haladu yaya Nijar, wancan ya ce ina kilishinmu, wani kuma ya ce wai ya ji na je koyon ginin ƙasa da furfura a gemu. Na gaji da maimaitawa. Ga shi nan na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A aji huɗu na tsaya, saboda haka kada wani ya zo yana gyara mini rubutu.

Ga wanda bai san ni ba, ni magini ne, na bulo da siminti, shekara talatin da wani abu. Babana, Allah ya jiƙansa, shi ma magini ne, amma na ƙasa. Cikin duk abin da ya gina, guda ɗaya ne ya rage a tsaye: wani soro a Tarauni mai rufin ɗaurin guga, wato rufin nan da ake lanƙwaso baka huɗu daga jikin bango su haɗu a tsakiya, da azara da ƙasa kawai, babu rodi ko ɗaya. Ya gina shi lokacin da rabin Tarauni gonaki ne. Sauran duk an rushe an yi shaguna.

Wani ɗan kasuwa, Alhaji Mudi, shi ya sayi gidan da soron yake ciki, zai yi masaukin baƙi. Ya ɗauko mai zanen gini, wani matashi da muke kira Akitek Nura, wanda ya yi karatu a waje ya dawo da ra'ayi cike da kai. Alhaji yana son bene hawa uku, fuskarsa duk gilashi shuɗi, irin wanda yake gani in ya je sarin kaya Dubai. Akitek yana son a bar soron ya zama zauren shiga, sauran ginin kuma a bi shi da bango mai kauri da tsakar gida. Sun yi mako biyu suna ja. Abin da ya ɓata wa Akitek magana shi ne baka ɗaya ya tsage tun daga gindi har kusan tsakiya. A gabana Alhaji ya yanke:

"In kun samo mai gyara shi kafin ruwan farko, na bar muku. In ba haka ba, katafila. Ba zan tsayar da baƙona a ƙarƙashin abin da zai faɗo masa a ka ba."

Akitek ya juyo gare ni. "Malam Haladu, ai kai ɗan gado ne."

Na gaya masa gaskiya. Ina da shekara goma sha huɗu na bar tubali na bi masu bulo, don a lokacin duk saurayin da aka gani da taɓo a ƙafa dariya ake masa. Babana bai hana ni ba, bai kuma ƙara yi mini maganar gini ba har ya rasu. Amma na tuna da wani Badamagare, Illo, da ya yi shekara bakwai yana zuwa ci-rani wajen babana, kuma da shi aka ɗaure rufin nan. Muka yi cigiya wajen mutanensu masu kawo kanwa, aka ce yana da rai, yana tsohon garin Damagaram. Ko ya biyo mu, ko ya gaya mana yadda za mu yi. Dalilin tafiyar ke nan, ba yawon buɗe ido ba.

Bayan sallar asuba muka hau adaidaita sahu daga Tarauni zuwa tasha. Tsakiyar bazara ce, tun hantsi bai ɗaga ba mutum ya fara jiƙewa. Muka sami ƙaramar mota, mu huɗu a baya: ni, Akitek, wani Bafulatani da bai ce uffan ba har Daura, da wata Hajiya mai sarin atamfa wadda ta ci rabin kujerar ita kaɗai. Akitek ya rungume wani dogon bututun kwali da zanensa a ciki, ya ƙi yarda a sa shi a but.

Ba mu wuce Dawanau ba ya fara. Duk benen da muka gifta sai ya nuna mini. Ya ce shi ya zaga garuruwa a ƙasashe uku, kuma in aka rufe masa ido aka sauke shi a bakin titi ba zai iya cewa ga inda yake ba, don ko'ina gilashi ɗaya ne, tayil ɗaya ne. Ya ce a makarantarsu malamai sun rabu biyu a kan wannan: wasu na cewa duniya ta zama ɗaya, gini ma ya zama ɗaya, wasu na cewa kowane gini ya saurari ranar garinsu da iskar garinsu da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Ya ce gilashi an yi shi ne don mutanen da ke neman rana, mu kuwa gudunta muke, sai mu kira ta ciki sannan mu tayar da janareta mu kore ta da esi.

Hajiya ta gyara mayafi ta dube shi. "Ɗan nan, ka taɓa share ɗakin ƙasa?"

"A'a, Hajiya."

"Ka taɓa tashi da damina ka tare ɗigo da kwanon miya?"

Ya yi murmushi. Ta ce ita a ɗakin ƙasa aka haife ta, a ɗakin ƙasa aka kai ta aure, kuma ranar da aka zuba mata siminti a tsakar ɗaki sai da ta yi sadakar waina. "Ku masu karatu, sai mun fito daga abu da ƙyar sannan ku zo ku ce shi ne mai kyau." Akitek ya ce ba ginin talauci yake nufi ba, ginin ƙasa na ƙwararru yake nufi. Ta ce ƙwararrun ai gidan masu hali suke zuwa, da can ma haka ne. Duk su biyun gaskiya suke faɗa, shi ya sa abin ya ƙara gajiyar da ni.

Bayan Kazaure taya ta yi faci, direba ya buɗe but aka ga ta ajiyar ma ba iska. Muka yi awa guda a gindin wata kuka. Da muka koma mota Hajiya ta riga Akitek shiga, ta zauna a kan bututun. Akitek ya fito da shi ya zama kamar ƙosai da aka taka.

A Daura muka ci shinkafa da wake, muka wuce iyaka. Ta ɓangarenmu ba a daɗe ba. Ta ɓangarensu aka sauke mu duka, aka shiga da mu wata rumfa inda wani jami'i yake rubuta sunaye a babban littafi. Ya tambayi sana'ata, na ce magini. Ya ce in miƙo hannu. Ya dubi tafin da siminti ya cinye ya ce, "Na bulo." Sannan ya tambayi daga ina, na ce Kano. Sai ya ajiye biro ya kira abokin aikinsa: "Zo ka gani, bayinmu sun zo gaisuwa." Akitek ya ɓata rai, bai san da wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa ba. Na ce wa jami'in mun zo ne mu duba ko har yanzu kuna da ruwan sha. Ya yi dariya har da buga tebur. Daga nan ya ce a buɗe bututu. Aka baje zanen a kan tebur, duk ya yamutse. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ina gilashin?" Akitek ya ce babu. Ya ce, "Ashe mai ginin ba shi da ƙarfi." Ya naɗe ya miƙo mana, da tausayi a fuskarsa.

Daga nan hanya ta miƙe, ƙasa ta yi fari, itatuwa suka ragu. A Matamaye na fara ganin abin da ya bambanta da gida. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa da tauri, ana tsaga shi a zuba ƙwai ko wake. Na gatsa da ƙarfi irin na burodinmu, ya yanke mini dasashi. Shayi kuma ba a ba ka shi a babban kofi ka shanye ka tashi. Ɗan mitsitsin kofi ne, sau uku, kuma in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Mai babur kabu-kabu suke ce masa. Hausarsu da tamu ɗaya ce, sai dai in sun zo inda mu muke sa Turanci, su sai su sa Faransanci, ka tsaya kana kallon bakin mutum.

La'asar sakaliya muka shiga Damagaram. Gini na farko da ya tare mu bene ne mai gilashi shuɗi, da shagon wayoyi a ƙasa. Da a ce barci nake na farka, da na rantse a titin Zoo nake. Na taɓo Akitek na ce, "Ga Tarauni nan mun iso." Bai yi dariya ba.

Masaukin da muka sauka sabo ne, bulo inci shida, rufin kwano, taga babba ta gilashi tana kallon yamma. Irin wanda na gina ya fi ɗari. Akwai esi a bango amma babu wuta, mai masaukin ya ce laifinmu ne, daga wajenmu wutar take zuwa. Na dafa bango na ji kamar na dafa gefen tanda. Ruwan wanka kuwa bokiti ɗaya aka ba mu mu biyu, don garin kan duwatsu yake, ruwa sai an turo a kura. A gida mutum ya saba ya kwara ya bar shi ya bi lambatu. Can ruwan alwala ma a gindin shuka ake yin sa. Da gari ya waye idona ya yi ja, na ce wa Akitek ko a tasha ne gara in kwana.

Mai kabu-kabu ya kai mu tsohon gari. Lunguna ne ƙanana, bango dogaye, inuwa ta ko'ina. Wasu gidajen da zane a fuska, fenti sabo, an ce baƙi suna zuwa ɗaukar hoto. Wasu sun zube an bar su, awaki na hawa. Tsakanin kowane biyu sai ka ga ɗakin bulo ya leƙo da kwanonsa.

Baba Illo muka tarar a zaurensa a kan buzu, ya haura tamanin, ƙafafu sun kumbura, ido ɗaya ya yi fari. Na yi sallama na durƙusa na ce ni ne Haladu ɗan Malam Sale magini na Kano. Ya juyo da idonsa mai gani. Sannan ya ce, "Haladun Maigida? Mai gudun taɓo?" Na ce ni ne. Ya kama kaina da hannu biyu, ya yi wa babana addu'a mai tsawo. Da ya gama ya ce, "Bawa ya tsufa." Na ce ubangijinsa ma ya tsufa.

Zauren nan, ku da kuke tambaya, ban san yadda zan gaya muku ba. Ƙarfe goma sha ɗaya na rana a waje, amma ciki kamar an yayyafa ruwa. Kaurin bangon ya kai tsawon hannuna. Akitek ya kwanta rigingine a ƙasa yana ɗaukar hoton rufi, yana ta magana shi kaɗai. Matar babban ɗan Baba Illo ta kawo mana fura da kwaɗon zogale, ta gan shi a haka ta ce, "Lafiya yake?" Baba Illo ya ce, "Mai karatu ne." Ta ce in yana so a bar masa zauren ya ba su ɗakinsa na Kano, ita ta gaji da yaɓe duk shekara da kunama duk bazara. Ɗakinta na cikin gida, mijinta ya riga ya mayar da shi bulo. 'Ya'yan Baba Illo maza uku ne, babu wanda ya riƙe tubali. Ɗaya direba, ɗaya tela, ɗaya yana ginin bulo a wata ƙasa.

A zauren muka koma da kwana. Da na fara kawo maganar da ta kawo mu, sai Baba Illo ya ɗaga hannu. Ya ce ba ya maganar rufi da wanda bai ga hannunsa a bango ba. Katangar maƙwabcinsa ta faɗi, an tara tubali, an kwaɓa ƙasa da ciyawa tun kwana biyar tana ruɓa. Ya ce gobe in hau.

Na hau. Tubali ba kamar bulo ba ne, ƙasansa faɗi, samansa tsini, a tsaye ake jera shi, ka cika tsakani da kwaɓi da hannu. Da farko hannuna ya ƙi, na yi ta neman cokalin gini a gefena. Can sai jikina ya tuna. Mai katangar yana cillo mini ina cafewa, aiki ya yi daɗi. Baba Illo an kai shi ɗaki ya kwanta saboda ƙafa, babu mai tsayar da ni. Ni kuwa shekara talatin ana auna ni da yawan layin da na ɗora a yini. Kwaɓin ya ƙare da azahar, na sa aka jiƙa sabuwar ƙasa nan take na ci gaba da ita. Kafin la'asar na kai katangar iya wuya. Na sauko ina jin kaina. Mai katangar ya buɗe baki zai yi magana, ya ga baƙo ne, ya haɗiye.

Washegari da safe katanga ta yi ciki. Tsakiyarta ta turo waje kamar mai wata bakwai, saman ya karkace. Mutanen lungu suka taru. Wani tsoho ya ce, "Bakano ya yi mana bene." Wani ya ce a bar ta haka a riƙa nuna wa baƙi. Aka riƙo Baba Illo ya zo ya shafa ta da tafin hannu.

"Layi nawa ka ɗora?"

Na gaya masa.

"Biyu ake yi, in rana ta yi kyau uku, a sauka a bar ta ta sha iska. Siminti shi ne ke kamawa don ka ce ya kama. Ƙasa sai ta ga dama." Ya matsi kwaɓin saman ya murtsuke. "Wannan kuma ɗanye ne. Maigida da ya ga wannan, da bai yi maka magana ba sati guda."

Yini guda na yi ina sauke abin da na ɗora. Ban ji haushin dariyarsu ba, na ci a yi mini.

Da yamma, bayan la'asar, Baba Illo ya ce a kawo hoton soron Tarauni. Akitek ya zauna kusa da idonsa mai gani yana buɗa masa a waya. Ya ga rufin daga ciki ya yi murmushi, ya nuna baka ɗaya ya ce shi ya riƙe azarar wannan babana yana ɗaurewa. Ya ga tsagar bai damu ba, ya ce baka yana tsagewa a ɗinke shi. Sai Akitek ya wuce zuwa hoton waje. Baba Illo ya ce a tsaya. Ya ce a ƙara girma.

"Mene ne wannan fari-fari a jikin bangon?"

Akitek ya ce filasta ce ta siminti, tsohuwa.

"Ina indararon? Nan kusurwar akwai indararo."

Akitek ya ce babu, bututun roba ne aka binne a cikin filastar.

"Wane maras imanin ne ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Akitek ya juyo ya dube ni. Ban taɓa gaya masa ba, don ban ɗauke shi laifi ba. Shekara biyu bayan rasuwar babana, mai gidan na lokacin ya kira ni ya ce ya gaji da yaɓe duk shekara, tunda ubana ne ya gina in zo in yi masa maganin abin gaba ɗaya. Na kafa ƙusoshi a bangon, na ja waya, na watsa siminti mai kauri tun daga sama har ƙasa. Na cire indararon don yana zubar wa masu wucewa ruwa. Na goge shi sumul. Ranar har cewa na yi a raina na rufa wa aikin babana asiri, ba zai ƙara zaizayewa ba. Shekara ashirin da wani abu ke nan.

Baba Illo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce bangon ƙasa yana shan ruwa da damina ya fitar da shi da rani, haka yake rayuwa. Siminti kuwa yana tsagewa a sama inda ba a gani, ruwa ya shiga, sannan ya hana shi fita. Ya ce tsagar da muke gani a baka ba ita ce cutar ba, gindin bangon ne ya zauna. "Ku koma ku fasa filastar a ƙasa, ta wajen bututun nan. In ka caka yatsa ya tsaya, ku aiko, zan gaya muku abin yi daki-daki. In ya shige, to ya shige."

Akitek ya roƙe shi ya biyo mu, ya ce zai ɗauko mota ta musamman. Ya nuna ƙafafunsa ya ce masallacin ƙofar gida ma riƙe shi ake. Da muka zo sallama da safe ya riƙe hannuna ya ce, "In ya zama na rushewa ne, kada ka bar wa ƙarfe. Ka hau ka kwance shi da hannunka daga sama. Abin da ka ƙi tsayawa ka gani ana ɗaurawa, ka gan shi ana kwancewa." Ya sa aka ba ni kilishi a takarda. A mota na raba wa fasinjoji, shi ya sa ba ku gani ba.

Dawowa babu labari. Akitek bai nuna mini gini ko ɗaya ba. Jami'in iyaka ya gane mu ya ce bayi sun gama gaisuwa, na ɗaga masa hannu kawai. Wajen Kazaure muka ga hadari ya haɗo ta gabas, bai zubo ba.

Ko gida ban biya ba, muka wuce Tarauni. Na ɗauki guduma da kurfi na fasa filastar a gindin bango. Ta ɓallo faifai guda, da ƙusoshina a jiki sun yi tsatsa. Wani wari ya bugo, irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa. Ƙasar baƙa ce, a tsakiyar bazara tana da danshi. Na caka yatsa. Ya shige. Na tura hannu, ya shige har wuyan hannu. Na fasa wuri huɗu, uku haka suke.

Akitek ya zauna a kan bulo ya riƙe kai. Can ya ce, "Malam Haladu, kada mu gaya wa Alhaji yau. Zan iya sa ginshiƙan ƙarfe a ciki, a lulluɓe da ƙasa, ba mai ganewa."

Na ce, "To me ya rage na babana a ciki? Kuma in ruwa ya sauka kafin ƙarfen naka ya iso, wa ke ƙarƙashi?"

Ni na je na sami Alhaji Mudi a shagonsa. Na ce soron ba zai gyaru ba, kuma ni na kashe shi, na gaya masa yadda aka yi. Ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ɗauki waya zai kira mai katafila. Na ce ina roƙon kwana goma in sauke shi da hannu. Ya dube ni kamar na zare. "Aikin awa biyu, Haladu?" Na ce na sani. Ya ce bakwai, don albarkacin mahaifinka.

Kwana bakwai na yi a sama, bayan mun tokare shi da katako. Na ɗaye ƙasar rufi, azara ta bayyana. Gajeru ne ashe, ba wadda ta kai tsayina, kowace ta hau kan 'yar uwarta ta ɗan leƙa gaba, an ɗaure da igiya, an cika da ƙasa, an jira, an ƙara wata. Ta launin ƙasar kana gane inda aikin yini ya tsaya. Na ƙirga a baka ɗaya, sai da babana ya sauka ya jira sau goma sha ɗaya. A wani wuri na sami sawun yatsu huɗu a busasshen kwaɓi. Ko na babana ne ko na Baba Illo, ban sani ba. Akitek yana ƙasa yana zana duk abin da na ciro, bai bar ko ɗaya ba. Ran na shida aka yi ruwan farko, ran na bakwai na sauke baka na ƙarshe a cikin taɓo.

Yanzu bene ya kai hawa na biyu, ni nake jan bulon. An yi odar gilashi. Makon jiya Alhaji ya zo duba aiki ya ce wa Akitek ya yi tunani, a ɗora zanko huɗu a can ƙololuwa, irin tsinin nan na kan soraye, amma na siminti, a shafa musu jan fenti, don baƙo ya san a Kano yake. Akitek ya ce zanko nauyi ne da ake ɗora wa kusurwar ginin ƙasa, a kan gilashi ba shi da aikin yi. Alhaji ya ce, "Ai ado ne." Akitek ya zana masa.

Na aika wa Baba Illo saƙo ta hannun masu kanwa cewa yatsa ya shige. Azarar da ba ta ruɓe ba na kwaso ta, tana jingine a bayan ɗakina. Shekarata hamsin da ɗaya, kuma yau in aka ba ni ƙasa da azara da wata uku, ina jin zan iya ɗaure guga. Na faɗa wa mutum biyar masu shirin gini. Huɗu sun yi dariya, na biyar ya tambaye ni ko na san mai sa tayil.